Taken Na Baya

Yatsun Labo ba su iya zama ba. Ko a tabarmar masallaci ana jiran liman, ko a zaure bayan la'asar, ko a gidan gaisuwa inda kowa ya sunkuyar da kai, yatsunsa biyu na dama suna bisa gwiwarsa suna ɗan taɓawa. Bugu biyu a hankali, sai ɗaya, sai su dakata kamar baƙon da ya iso mararraba bai sami wanda zai tambaya ba. Can sai su koma farko. Yara sun ɗauka rawar tsufa ce. Manya sun san ba ita ba ce, don sun san Labo tun yana rataye da ganga, amma ba wanda ya taɓa ce masa, wannan wane irin kiɗi ne da ba ya kaiwa ƙarshe?

A wani ƙauye arewa da Agiye aka haife shi, a gidan makaɗan noma. Gangar ma gado ce, ubansa ya bar masa kamar yadda shi ma ya tarar. A ƙuruciyarsa gayya tana da rai. Mai gona ya kira samari, mata su yini suna daka, da safe a jeru a bakin gona, kowa a nuna masa kunyarsa, wato layin hatsin da zai nome daga wannan gefe zuwa wancan. Sai Labo ya aza sanda a fata. Kowane gwanin noma yana da takensa, kuma in ganga ta kira taken mutum, ko bayansa na ciwo sai ya ƙara duƙawa. An sha ɗaukar Labo zuwa Gazawa, sau ɗaya ma har can Cadakori, tafiyar da ya daɗe yana ba da labarinta.

Ganga dai na gaba take yi wa kirari. Na baya ba shi da take, ba a taɓa yi masa ba. Abin da yake da shi zambo ne, kuma a zambo Labo ya fi ubansa. Shi ya ƙago maganar nan ta "mai kunya biyu": ga kunyar gona bai gama ba, ga ta idon jama'a. In an kusa tashi, sai ya juya ganga wajen wanda aka bari a tsakiyar gona, ya buga, ƴan mata masu kawo ruwa su amsa da tafi: wa aka bari, mai kunya biyu. A yi dariya, wanda aka yi wa ma ya yi, ko da ta yaƙe ce. A lokacin Labo bai ga aibun abin ba. Gona tana ƙarewa da wuri, mai gona ya ji daɗi, shi kuma da kaka a aiko masa da daminsa.

Ɗansa na fari Idrisa ne. Sunan kuwa Labo bai taɓa furta shi ba, kamar yadda aka saba da ɗan fari. "Yaron nan," yake cewa, ko "wancan." Bai ɗauke shi a gaban mutane ba, bai ci kwano ɗaya da shi ba, in sun haɗu a hanya kowa ya dubi gefensa. Matarsa Barira ma haka. Wanda ya tashi a cikin abin ya san ba ƙi ba ne, wani irin so ne da ba a yi masa baki ba.

Idrisa siriri ne, mai sanyin jiki, aikinsa yana da kyau amma ba sauri. A gayyarsa ta farko shi aka bari. Jama'a suka juyo suna duban Labo, su ga ko yau ganga za ta yi shiru. Da ɗan wani ne, wataƙila da ya buga sau ɗaya ya bari. Amma ɗan fari ne, kuma mutum ba ya nuna tausayin ɗan fari a bainar jama'a. Sai ya buga, ya maimaita, har ya ƙara wani salo da bai taɓa yi ba. Aka yaba masa. Aka ce Labo makaɗi ne na gaske, ba shi da ɗa a gona.

Damina ta zagayo, Idrisa ya zo na fari. Wadda ta biyo baya ma haka. A shekarun nan ne ƙwayar da ake kira tramol ta soma shigowa ƙauyuka, a bayan keken masu tallar magani, cikin kwali ɗaya da maganin ciwon kai. Samari suka gano cewa in an sha, baya ba ya ciwo, rana ba ta zafi, yunwa ba ta zuwa. Wanda bai sha ba kuwa, ga ganga nan tana jiransa.

Labo ya gane tun ba wanda ya faɗa masa. Makaɗin noma da kunne yake kallon gona. Hauyar mutum tana numfashi: ta sara, ta sara, ta huta, mai ita ya miƙe ya share zufa. Ta Idrisa ta daina numfashi, tun daga wannan gefe har wancan sara take yi ba tsayawa. Kuma Labo ne ke bin ta da kiɗi, don na gaba dole a yi masa take. Ya yi masa, take mai daɗi wanda ba suna a ciki, har yau akwai tsofaffin matan da ke rera shi a bakin turmi.

Ya so ya yi magana. Amma uba ba ya zaunar da ɗan fari ya ce zo mu yi shawara. Sai ya aiki ƙanensa, baffan yaron, ya je ya ce, "Babanka ya ce ka riƙa hutawa." Magana in ta bi ta baki biyu, ruwa take zama. Idrisa ya ce to.

Wata ranar maimai, wato noma na biyu, da rana tsaka, ya faɗi tsakanin kunya da kunya yana shure-shure, kumfa a baki. Aka aza shi a amalanke za a kai shi likita, ba a kai ba. Mutanen gari masu kara ne, suka ce iska ce ta gitta. Labo bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya rataye ganga a ɗaki, can sama kusa da jinka, kuma tun daga lokacin yatsunsa suka soma wannan taɓe-taɓen.

Idrisa ya bar ɗa guda a goye, Falalu. Da aka yaye shi, uwar ta yi aure a Gazawa, yaron ya zauna wurin kakanninsa.

Jika kuwa ba a jin kunyarsa, abokin wasa ne. Tun yana rarrafe Labo ke faɗa da shi a kan Barira.

"Kai ɓarawon mata, wa ya ce ka zauna kusa da matata?"

Da yaron ya yi baki sai ya soma ramawa. "Ita ta kira ni. Ta ce ta gaji da mai haƙori biyu."

"Ukku ne. Lakol ɗin naku ko ƙirga ba a koya muku?"

Duk maganar da ta maƙale wa Labo a wuya, ga wanda zai zuba wa. Sai dai ya tarar da wata sabuwa: abin da kaka ya faɗa wa jika, wasa ake ɗaukarsa. Ɗa ba a yarda ya yi masa magana ba, jika kuma ba ya jin maganar sai da dariya. Tun da wasa ne kaɗai ke hannunsa, sai ya kama shi. Yakan ɗauko ƙwaryar hura ya miƙa wa yaron.

"Sha."

Falalu ya miƙo hannu, Labo ya janye.

"Ka faɗi. Cewa za ka yi, na ƙoshi."

"Ai ban ƙoshi ba."

"Wanda ya ƙoshi ba ya bukatar koyo. Sake. Sha mana, abokina."

"Na ƙoshi."

"Raina ni ka yi ke nan? Kowa ya sha sai kai? Ko tsoro kake ji? To mun gane, ɗan goyon kaka ne, ku bar shi."

A nan yaron kan kasa, ya fizge ƙwaryar ya kurɓa, Labo ya ce an kashe shi, a sake daga farko. Barira daga bakin murhu ta ce su bar mata hurarta ta huta, sun mai da ita ƴar kai-komo. Labo ba ya yawan bayani, amma yakan ce ba a cewa a'a, don a'a faɗa ce, mai faɗa kuwa ana kayar da shi. Ba a kawo dalili, don dalili ƙofa ce, wanda ya fi ka baki ta nan zai shigo. Na ƙoshi kawai. Ba wanda ya san cikin wani.

Wata rana a gona ya nuna masa gawo, tsaye tsirara a tsakiyar damina, alhali kalgo da sabara sun yi shar.

"Dubi wanga. Kowa ya yi ganye, shi ya ƙi. In rani ya yi, wurinshi bisashe ke zuwa."

"Shi ya sa yanzu ba kowa ƙarƙashinshi," in ji Falalu. "Tsoho, gawo ba shi da abokai."

Yaron bai yi ƙarya ba.

Falalu ya gama lakol, wato makarantar boko ta ƙauye, ya wuce kwaleji a Agiye, sai da hutun damina yake dawowa. Murya ta buɗe, gashin baki ya soma tsiro, ya shiga fada, wato taron samarin da ke zaman shayi a gindin aduwa kusa da shago. Babbansu Ɗan Azumi ne, ɗan kabu-kabu mai haya da babur, mai fara'a, mai sakin hannu. In tsohuwa za ta kasuwa yakan ɗauke ta kyauta. Ba mugun yaro ba ne, shi ya sa abin ya fi wuya. A fadar akwai shayin zama, akwai kuma wanda suke kira shayin aiki, wanda ake jiƙa wa ƙwaya in za a fita ƙwadago. Kofi ɗaya ne ke zagayawa, kuma mai da kofi a fada kamar mai da hannun gaisuwa ne.

Gayya ta yi ƙaranci, kiɗi ya koma cikin waya. Ganga ta tafi, amma zambo ya zauna. Samarin suna cewa mai kunya biyu ba su ma san bakin da ya haife ta ba. Falalu kuma suna girmama shi, don sun ji labari ubansa shi ne zakaran gayya a zamaninsa, sai dai iska ta ɗauke shi da wuri. Shi ma Falalu abin da ya sani ke nan.

A daminar da muke magana, Ɗan Azumi ya nemi aure, ya kira gayyar surukai. Ya zo har zaure ya durƙusa ya gai da Labo, Falalu na tsaye a bayansa.

"Baba Labo, gobe muna gonar surukina, maimai. Na ce ko za a taɓa mana ganga ko kaɗan, tsofaffi su tuna da."

"Fata ta mutu, ɗana. Igiyar ma ɓera ya gama da ita."

"To ba komi, akwai waya. Amma ka zo ka gani. Na yi alkawari kafin azahar mun tashi." Ya juya ya dafa ƙafar Falalu. "Ga kuma ɗan zakara. Gobe za mu ji ko shi ma ya iya cara."

"Kafin azahar," in ji Labo, kamar mai ɗanɗana maganar. Ya san gonar, ya yi kiɗi a cikinta. Da ƙarfin tuwo ba ta ƙarewa sai la'asar sakaliya.

Da yamma ya zauna a tsakar gida yana gyara wa jikan hauya. Ƙotar ta yi sako-sako, ya cusa mata ɗan guntun ƙarfe ya bubbuga. Barira na gefe tana tankaɗe.

"Abokina, gobe in an miƙo shayi mi za ka ce?"

Falalu ya yi dariya. "Na ƙoshi. Tsoho, na girmi wasan nan."

"Ba wasa nake ba."

"Kai dama kullum ba wasa kake ba." Ya tsuguna, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, muryarsa ta sauka. "Kowa zai sha. Rana ɗaya ce. Su kullum suna gona, ni kuwa ina zaune a lakol hannuna ya yi laushi. In ban sha ba ni za a bari. Ɗan wani in an bar shi, a yi dariya a wuce. Ni cewa za a yi ɗan zakara ya zama mai kunya biyu. Babana ba a taɓa barin shi ba."

Labo ya aje hauyar.

"An taɓa," ya ce. "An bar Idrisa."

Rariya ta tsaya a hannun Barira. Tun da aka raɗa sunan ba ta taɓa jin sa a wannan bakin ba. Shi kansa Labo sunan ya yi masa baƙunta a harshe, kamar tsakuwa a cikin tuwo.

"An bar Idrisa, ni na buga mishi. Maganar ga da kuke yi a fada, ni na yi ta. Daga nan bai ƙara yarda a bar shi ba. Kuma ba iska ba ce."

"To mi ne ne?"

"Abin da za a jiƙa muku gobe."

Falalu ya jira dariyar da ke biyo bayan kowace maganar kakansa. Ba ta zo ba. Ya dubi Barira, ya tarar ta duƙufa tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Sai ya ɗauki hauyar ya fita. Labo ya tuna cewa wancan ya ce to. Wannan bai ce ba. Bai san wanne ya fi ba.

Da safe ya ɗauki sandarsa da gorar ruwa ya bi hanyar gonar, yana tafiya yana tsayawa, don gwiwoyi sun daɗe da daina yi masa biyayya. Ya zauna a gindin wani gawo, ba don inuwa ba, don dai ya sami abin jingina. Can gefe samari sun yi da'ira, buta na bisa garwashi. Idon Labo ya yi yana, mutane yake gani kamar itatuwa a hazo, amma ya shaida shuɗiyar rigar jikansa. Ya ga kofi yana zagayawa. Ya ga ya iso wurin shuɗiyar riga. Dariya ta tashi, Ɗan Azumi ya gitta ta gaba ya tsaya, bayansa ya rufe komi. Da ya kauce, kofin yana hannun wani.

Aka jeru, aka kunna waya, aka duƙa. Labo ya rufe ido, tun da dai ba su da amfani, ya buɗe kunne. A cikin hauyoyin duka ya tsinci wadda ya gyara jiya, don guntun ƙarfen nan yana ɗan ƙara in ta sara. Sauri take yi. Sara, sara, sara, ba hutu. Ya bi ta har ƙarshen kunya ta farko, ta juyo ta kama ta biyu, ba ta numfasa ba. Gajiyar da ta sauko wa Labo a lokacin ba ta tafiya ba ce. Ya jingina kai da gawo, ya ji kamar ya tashi ya koma gida ya kwanta, abin da za a aiko a faɗa masa a aiko.

Bai tashi ba, don tashin ma aiki ne. Rana ta ɗaga. Can sai hauyar ta kuskure sara ɗaya. Ta ci gaba, ta sake kuskurewa. Sai ta yi shiru. Labo ya buɗe ido, ya hangi shuɗiyar riga ta miƙe tsaye, hannu a ƙugu, ɗaya hannun yana share goshi. Ashe fushi ne ya ba ta sauri. Fushi kuwa ba ƙwaya ba ne, yana ƙarewa.

Daga nan aka soma wuce shi, na dama ya wuce, na hagu ya wuce. Labo ya yi shekaru yana neman na baya a gona don ya yi masa zambo, bai taɓa zaton wata rana zai zauna yana roƙon Allah nasa ya zama shi ba.

Kafin azahar, kamar yadda aka yi alkawari, kowa ya fita, suka taru a wancan gefe inda aka aje tuwo, ko da yake yawancinsu ture kwanon suka yi. Falalu kaɗai ya rage a tsakiyar kunyarsa ta ƙarshe. Wani ya jawo jarkar ruwa ya soma bugawa, saura suka amsa.

"Wa aka bari?"

"Mai kunya biyu."

Labo ya ji kiɗansa a hannun yaran da ba a haifa ba sa'ad da ya yi shi. Ya lura suna ɓata bugu na uku, sai kuma ya ji kunyar cewa har ya lura. Ya dogara sanda ya miƙe, ya tsiyaye sauran ruwan gorarsa a ƙasa, ya ratsa cikin hatsi har ya iso bayan jikansa. Ya rungume gorar a ƙirji ya soma taɓa ta da yatsu biyu. Bugu biyu a hankali, sai ɗaya, sai shiru.

"Tsoho, ka koma," in ji Falalu, bai ɗago ba. "Kana ƙara min kunya."

"Ta zama ukku ke nan. Ba ni ɗaya in riƙe maka."

Yaron bai yi dariya ba. Amma bayan ɗan lokaci hauyar ta soma faɗawa a kan bugun, biyu, ɗaya, kuma a inda yatsun ke dakatawa sai ya miƙe ya ja numfashi. Haka suka tafi, saurayi a gaba, tsoho a baya, jarka tana ta yi a can har masu bugun suka gaji suka bari.

Da suka fita, Ɗan Azumi ya matsa a tabarma, idonsa ja, yana sosa wuya.

"Ku ba shi wuri, Na Ƙoshi ya iso. Amma kada a zuba mishi tuwo, tun safe ya ce ya ƙoshi."

Aka kwashe da dariya. Ta haka Labo ya ji abin da aka faɗa a bakin buta. Ba wanda ya koma ya duba kunyar Falalu ya ga ko ta fi ta wani tsabta, ba haka duniya take ba. An gama gona, suruki ya sa albarka, an watse.

Sunan ya bi shi. Ba su kore shi daga fada ba, amma kofi in ya zo wurinsa sai ya tsallake, har na shayin zama. In za a fita ƙwadago ba a ƙwanƙwasa masa. Ya rage fita, ya yi ta zama a gida fuska ba walwala. Da Labo kuma wasan ya mutu. Yana gaishe shi da safe a durƙushe, kamar yadda ake gai da kowane dattijo, ya tashi. Labo ya sami jikan da ya ji magana, ya rasa wanda zai ce masa mai haƙori biyu. Wani lokaci yaron yakan koma gindin aduwa ya daɗe, don mutum ba gawo ba ne. In ya dawo, Labo ba ya tambaya. Sai an jima ya ce da Barira, "Ya ci tuwo?" Ta ce ya ci, har da ƙanzo. Sai ya gyaɗa kai, gobe kuma ya sake tambaya.

Ranar da Falalu zai koma Agiye, ya tsaya a ƙofar zaure da jakarsa, yana duban yatsun da ke bisa gwiwa.

"Kiɗan nan naka, ina sauran shi?"

"Ina neman shi."

"Tun yaushe?"

"Kun kusa zama sa'a da shi."

"To ka yi sauri. Baɗi ma akwai gayya."

"Sauri kuma?" in ji Labo.

Bakin yaron ya ɗan motsa, kaɗan ya rage ta zama dariya. Ya saɓa jaka ya tafi.

Bayan girbi Labo ya sa aka sauko masa da gangar daga jinka. Icen yana nan lafiya, fatun ne suka mutu. Aka yi suna a maƙwabta, ya roƙi fatar akuyar, aka yi wani ya roƙi ta biyu. Ya jiƙa, ya kankare gashi, ya yanka igiya. Abin da a da yake yi a yini guda, yanzu sai ya ja igiya ɗaya ya zauna yana haki. Yana yi yana ɗan gunguni, don take sai da magana, kuma maganar farko kaɗai ya samu: na baya yana tahe. Ya gwada ta a kunnen Barira, ta ce to, yana tahe, sai mi? Ya ce nan ne ya tsaya. Duk abin da ya ɗora sai ya ji ko ya koma zambo, ko ya koma wa'azi, kuma samari ba sa duƙawa don wa'azi.

Ya ɗaure fuska ɗaya, sai tari ya kama shi. Ya ce in tarin nan ya sauka zai ɗaure ɗayar. Tarin bai sauka ba. Sanyi na shigowa ya kwanta, kuma kwanciyar ba ta yi tsawo ba. Da saƙo ya kai Agiye, Falalu ya hau mota, ya iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Gangar tana nan a zaure inda ya jingine ta, Barira ta hana a taɓa. Fuska ɗaya a ɗaure, in an ɗan buga ta da yatsa tana amsawa can ƙasa-ƙasa. Ɗayar a buɗe take, har zanzaro ya soma gini a ciki. Fatar da aka jiƙa mata tana rataye a danga, ta bushe ta ƙandare, igiyar kuma tana naɗe a kan turke, da ƙulli ɗaya a bakinta.